Tikiti Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Asabar, 2 ga Agusta

To, magana ta tabbata. Takardar canjin wurin aiki ta fito wa matar ɗana, asibitin da aka tura ta kuma yini guda ne cur a jirgin ƙasa daga nan. Ranar 23 za su tashi, ita da jikokina biyu. Mako uku daidai. Na ƙirga a kalanda har sau biyu, kamar in na sake zai ƙaru.

A kicin ta faɗa min, tana ta cuɗa kofin da ta riga ta wanke. Na ce Allah ya sa alheri. Me zan ce? Shekara uku tun rasuwar ɗana yarinyar nan tana zaune da ni, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Ba zan tare mata hanya ba. Ta ce in bi su, akwai ɗaki. Na ce gidan nan fa, aljanu zan bar wa? Ban taka tasha ba tun da aka binne shi, kuma ba na jin zan taka.

Da la'asar babbar ta zo ta tsaya min a ka. Ba a banza na sa mata Lauya ba, shekararta sha biyu amma har yau ban taɓa cin ta a gardama ba. Wai ita da Auta za su haɗa littafin tafiyar da muka yi zuwa bakin teku da babansu, su manna tikiti da hotuna, su tafi da shi sabon gida. "Kaka, akwatin nan na ƙarƙashin gadonki muke so." Ashe ta san da shi.

Na ce zan duba. A ofis in na ce zan duba, kowa ya san an ƙi ke nan. Ita ba ta yi aiki a ofis ba, sai ta ce, "Yaushe?"

Lahadi, 3 ga Agusta

Da suka fita da mamansu na jawo akwatin. Komai yana nan yadda na bar shi: abu arba'in da ɗaya, kowanne a cikin ledarsa, da lambarsa a jikin ledar, ga jerin sunayensu a sama. Tikitin jirgin ƙasa na zuwa da na dawowa, na jirgin ruwa, na gidan namun daji, katin masauki, taswirar da ta yage a ninki, hotuna tara. Sai katantanwar teku a safa, da yashi a kwalbar maganin tari.

Shekara talatin da biyu na yi a ɗakin ajiye fayil, takarda ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Shi ya sa a tafiyar nan duk inda aka sauka nake bin su ina miƙa hannu. Ɗana kuma yana dariya, yana cewa, "Ku ba Umma, kada a rubuta mu a jan biro."

Kwana shida muka yi, shekara huɗu ke nan. Ita ce tafiya ɗaya tak da muka taɓa yi mu biyar. Ya ce baɗi za mu koma, baɗin ta same shi a gadon asibiti.

Kowane abu guda ɗaya ne. In aka shafa masa gam aka manna, ya zama na littafi, littafin kuma ranar 23 zai hau jirgi. Ni a bar ni da ledoji da lambobi.

Yaran nan ubansu ne, na sani. Ni ma ɗana ne.

Litinin, 4 ga Agusta

Na ba su wata tsohuwar rajista da ban taɓa rubutu a ciki ba, irin mai kaurin bango. Lauya ta lulluɓe bangon da ƙyallen tsohuwar rigar babanta, shuɗiya mai layi-layi, wadda mamansu ta ajiye. Auta ta sa almakashi a labulen falo don gwada ko yana ci. Yana ci.

Takardun na ce sai Alhamis, sai na tsara su.

Laraba, 6 ga Agusta

Na samo mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Asali ba ya fita daga ɗakin ajiya, wanda ya zo nema kwafi ake ba shi. Haka aka koya min, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina.

Da safe na ce za ni awon hawan jini, na ɗauki jaka na nufi shagon mai kwafi na kan kwana. Ya iya aikinsa, ba laifi. Mai kala ya yi min, a kan kwali mai kaurin tikiti, ya yanka daidai da daidai har da kusurwar da ta gutsure. Hotunan ma ya sake wanke su. Ya tambaye ni, "Gaba da baya, Hajiya?" Na ce gaba kawai, bayan ba komai sai 'yan zane-zanen biro.

Da na dawo na ɗan murza gefen kowanne a tafin hannu don su yi kama da tsofaffi. Ba ƙarya na yi ba, tsari ne.

Mamansu ta tambayi yadda awon ya nuna. Na ce lafiya lau.

Alhamis, 7 ga Agusta

Na miƙa musu. Ba wanda ya gane. Na kafa doka: gam a hannuna zai zauna, ni zan shafa ni zan manna, don su ɓarna za su yi.

Juma'a, 8 ga Agusta

Shafin jirgin ƙasa. Muka baje a tabarmar falo, fanka tana ta kwashe mana takardu sai da muka danne su da cokula.

Na manta rabon da gidan nan ya yi irin wannan hayaniya. Lauya ta tuna abubuwan da ni na sha'afa: yadda babansu ya saɓa Auta a wuya yana zarya da ita daga wannan tarago zuwa wancan don ta daina kuka, har mai duba tikiti ya fara gaishe shi da "sannu da aiki". Yadda shayi ya kife a kan taswira. Yadda ya rantse ba ya minshari, ya kwanta, wani dattijo a kujerar gaba ya tattara kayansa ya sauya wuri. Na yi dariya har hawaye, daga baya kuma hawayen suka ci gaba su kaɗai, na ce gam ɗin ne ke da yaji.

Ni abin da na fi tunawa shi ne hannunsa a kan tagar jirgi. Hannun mai gyaran wuta, duk tabon ƙuna, yana nuna wa yara turakun lantarki yana faɗa musu wanne aka ɗaura daidai, wanne aikin ganganci ne. Mutane na kallon duwatsu da kogi, shi waya yake kallo.

Lauya ce mai rubutun bayani a ƙasan kowane abu. Ta rubuta Talata muka tashi, na ce Laraba, ga tikiti. Ta rubuta ƙarfe bakwai, na ce bakwai da kwata. Ta yi min wani kallo ta goge.

Auta ba ta tuna komai ba, shekararta uku lokacin. Furanni take zanawa a gefen shafi.

Litinin, 11 ga Agusta

Shafin teku. Yashin na gaske na ba su, tunda shi mai kwafi bai da dabararsa. Muka shafa gam muka barbaɗa. Yanzu duk inda na taka a falo sai na ji shi a tafin ƙafa.

Muna cikin yi Auta ta ɗago ta ce ita ma ta tuna abu ɗaya. Wai akwai kyanwa mai hula da ta biyo mu tun daga gida, ta shiga jirgi, ta je teku. Ta ce a rubuta.

Na ce babu wata kyanwa. Ba a shiga jirgi da dabba, kuma kyanwa ba ta sa hula. Ta ce akwai. Na ɗauko jerin na karanta mata tun daga ɗaya har arba'in da ɗaya, na ce ina kyanwa a nan? Mafarki kika yi, 'yar nan. Littafin tarihi ake yi, ba tatsuniya ba.

Ta ajiye fensirinta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta koma bayan kujera ta zauna tana tsinkar zaren tabarma. Lauya tana makaranta wajen karɓo takardar shaidarta, ba ta nan aka yi.

Gaskiya na faɗa. Ban san me ya sa take ci na ba.

Talata, 12 ga Agusta

Auta ta ce hannunta na ciwo, ba za ta yi zane ba. Na ga hannun yana cin biskit lafiya lau.

Laraba, 13 ga Agusta

Asirina ya tonu, kuma da rana tsaka.

Auta ta kai ƙarata wajen yayarta. Sai ga Lauya ta shigo falo riƙe da hannunta, ta ce, "Kaka, ai akwai kyanwa. Baba ne yake zana ta a bayan tikiti, duk inda muka sauka sai ya ƙara mata labari don Auta ta yi shiru. Bari ki gani."

Kafin in buɗe baki ta ɗauko wuƙar shafa bota, ta zura a ƙarƙashin tikitin farko, a hankali a hankali, harshe a waje, har ya ɗago. Ta juya shi.

Fari fat. Sai busasshen gam.

Ta ɗago na biyu. Ta ɗago na uku. Ta kai shi hanci ta shinshina, ta goga shi tsakanin yatsu. Ni dai ina zaune ina kallo.

"Wannan ba namu ba ne," ta ce.

Na fara borin kunya, wai ai duk ɗaya ne, lamba ɗaya, kwanan wata ɗaya, kuma yara ba su iya riƙon takarda ba, ga shi ma sun yanka labule. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kin murza gefensa ma." Ba da tsawa ba. Da ta yi rashin kunya da na samu abin kamawa.

Auta ta kalli farin kwalin ta ce, "To kyanwar ta gudu ne?"

Lauya ta rufe rajistar, ta ɗora a kan teburina, ta ja ƙanwarta suka fita. Da aka zuba abincin rana a ɗakinsu suka ci.

Alhamis, 14 ga Agusta

Da hantsi na kulle ƙofa, na sa tabarau, na zare takardun asalin daga leda ɗaya bayan ɗaya ina juyawa.

Na san akwai ɗan zane a baya. Na ma taɓa yi masa faɗa a jirgi, na ce zai ja mai duba tikiti ya ƙi karɓa. Amma ban taɓa sa tabarau na duba ba. A wajenmu gaban takarda ne takarda: lamba, kwanan wata, hatimi, sa hannu. Haka na jera su fuska sama, na sa farar takarda a bayan kowanne don ya miƙe. Shekara uku ina buɗe akwatin nan duk wata, ina karanta sunan tasha da lambar kujera.

Ga ta nan. Kyanwa mai hula, da shuɗin biro, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Bai iya zane ba tun yana firamare, ƙafafunta kamar na tebur. A lamba uku tana ɓoye a cikin jakar mamansu. A lamba shida mai duba tikiti ya kama ta, ta nuna masa ganye. A sha ɗaya tana amai a jirgin ruwa, hular a hannu. A gidan namun daji ta tsaya gaban zaki, ya rubuta a ƙasa, "Ta zo gaida kawu."

Ashirin da biyu ne masu zane. Na bi su a jere, labari ne sosai, da farko da ƙarshe.

Sai lamba goma sha bakwai, tikitina ne na dawowa. Wata mata mai ƙaton tabarau tana barci baki buɗe, ta ƙanƙame jaka da hannu biyu, kyanwar ta naɗe a cinyarta. A ƙasa, da rubutunsa mai kwanciya gefe: "Umma tana gadin kaya. Kada a tashe ta, ta gaji da mu."

Ban san ya kalle ni ina barci ba. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana kallona ba kafin ya gama tabaran nan.

Na daɗe ban yi irin kukan yau ba. Kewarsa nake, kewa mai ciwo, kamar jiya aka fita da shi.

Juma'a, 15 ga Agusta

Na ce wa yarinya mafarki ta yi. Abu ɗaya tak da ta riƙe na ubanta.

Asabar, 16 ga Agusta

An fara ɗaure kaya. Kwalaye sun cika baranda, ko'ina ƙarar salatif.

Mamansu ta same ni ina shanya. Ta karɓi bakin zanin gado muka matse tare, ba ta kalle ni ba ta ce, "Umma, ki riƙe su. Wallahi ba komai. Na yi wa Lauya faɗa, yara ne, za su manta."

Za su manta. Da niyyar lallashi ta faɗa, amma da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Ta ce ita ma akwai abin da ta ɓoye, agogonsa na cikin jakarta, ko yaran ba su sani ba. Muka yi 'yar dariya irin ta waɗanda aka kama da abu ɗaya. Na tambaye ta ko ta san da kyanwar. Ta ce ta sani mana, ita ce ma take ara masa biron, har yau bai mayar ba.

Ta sake kawo maganar ɗakin da ke can. Na ce ta miƙo min abin maƙale shanya.

Litinin, 18 ga Agusta

Na kira su falo bayan karin kumallo. Na ɗora akwatin a tsakiyar tabarma, na buɗe.

Ban iya ba da haƙuri ba, ban saba ba. Na ce wa Auta, "An binciki fayil, an gano kyanwa. Ke ce da gaskiya, ni ce na yi kuskure." Na miƙa mata lamba uku.

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Na ce miki tana da hula." Na ce kin faɗa. Ta ce, "Kuma ba mafarki ba ne." Na ce ba mafarki ba ne. Ta sa na maimaita sau uku, jinin Lauya ne a jikinta ita ma.

Ita kuwa uwar gardama ta tsaya daga bakin ƙofa hannu a ƙirji, sai da ta ji ƙanwarta na ƙyalƙyala dariya a kan kawu zaki sannan ta matso. Ba ta ce ta yafe ba. Cewa ta yi, "To yanzu ya za a yi? In an manna, bayan ya rufe."

A nan dai shekara talatin da biyu ta yi rana. Na nuna musu yadda muke gyara fayil ɗin da ya tsufa: a yanko siririn ƙyalle, faɗin yatsa, a manna rabinsa a gefen tikiti, rabi a jikin shafi. Sai tikitin ya riƙa buɗewa kamar taga, a ga gaba a ga baya. Auta ta buɗe ta rufe ya fi sau ashirin, tana cewa kyanwa ta leƙo, kyanwa ta ɓuya.

Gam ɗin na miƙa wa Lauya. Ta zuba da yawa, ya tsatso ta gefe. Na ja bakina na tsuke.

Laraba, 20 ga Agusta

Kwana biyu muna kai. Mun ɓamɓare na bogi duka, mun sa na gaske. Lamba tara ta ɗan yage a hannun Auta, na ji kamar fatata aka ja, amma na ce ba komai, muka liƙa.

Yanzu littafin ya kumbura, ba ya rufuwa, sai da muka ɗaure shi da igiyar takalmi. Hotuna a karkace, yatsun gam ko'ina, yashi na zuba. Da a ofis wani ya kawo min wannan da na kore shi har bakin titi. Na ɗauke shi na rungume da suka fita, yana warin gam da tsohuwar riga.

Lauya ta daina rubuta ƙarfe nawa. Abin da ta tuna take rubutawa, wani ma na san ba haka aka yi ba. Wai babanta ya yi iyo har ya kusa taɓa jirgin ruwa. Mutumin da ruwa bai wuce masa gwiwa ba, wando a naɗe, yana ihu wani abu ya taɓa masa ƙafa! Na bar mata.

Abu ɗaya ban faɗa ba. Goma sha bakwai yana cikin aljihun jakata.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ta ƙirga, da ma na san za ta ƙirga. Sha shida, sha takwas. Ta ɗago ta kalle ni, na dage ina neman murfin gam da ke hannuna.

Ta yanko ƙyalle ta manna rabinsa a shafi, ta bar ɗaya rabin yana reto babu komai a jiki. Auta ta ce me za a sa a nan, labarin ya tsallake, ya aka yi kyanwa ta dawo gida? Lauya ta ce, "Barci ta yi a hanya. Kaka ce ke gadinta."

Ashe ta san abin da ke jiki. Tun tana shekara takwas ta gan shi, ta riƙe.

Nawa ne ai. Sunana ne a gaba, ni ce a baya. Ko kotu aka je nawa ne.

Asabar, 23 ga Agusta

Sun tafi. Ƙarfe shida da rabi mota ta zo.

Ban raka su tasha ba, a bakin ƙofa na tsaya. Mamansu ta durƙusa, na ɗago ta, muka yi wa juna addu'a. Auta ta ƙi yarda a sa littafin a akwati, a ƙirji ta rungume shi, yashi na zubo mata a riga. Lauya ta rungume ni da ƙarfi har ƙashina ya yi ƙara, ta ce min a kunne in riƙa shan maganina, kuma in daina ƙaryar zuwa awo.

Na share falo. Na kai rabi na tsaya, na bar sauran yashin.

Talata, 26 ga Agusta

Gidan ya yi girma. Na dafa abincin mutum huɗu, na ba maƙwabta.

Alhamis, 28 ga Agusta

Sun kira. Ɗakinsu na kallon wata bishiya, makaranta kusa. Auta ta kai littafin wajen sababbin maƙwabta tun kafin a gama sauke kaya. Ta ce duk wanda ta nuna wa sai ya tambayi wurin da ba komai. Ta ce, "Ina ce musu yana wajen Kaka, tana dubawa."

Na fito da goma sha bakwai bayan mun gama. Na kalle shi a taga, na mayar. Na sake fitowa da shi.

Shekara uku yana kwance fuska sama a leda, ba wanda ya yi dariya. Can kuwa ko kwana biyar ba a yi ba, unguwa guda ta san kawu zaki.

Laraba, 3 ga Satumba

Na sa tikitin a ambulan da safe, na rubuta adireshi da manyan baƙaƙe. Hanyar gidan waya ta gaban shagon mai kwafi take bi. Yana bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, akwai aiki ne?" Na ce babu, gaisuwa ce. Sai da na kai kwana na lura ban ko rage tafiya ba.

A gidan waya na bi layi har na kai gaban kanta. Ina tsaye ina kallon yadda ma'aikacin yake yi: ya buga hatimi kamar yana da gaba da takardar, ya wurga ta cikin buhu ta bayan kafaɗa, ko waiwaye babu. Wata ma a ƙasa ta faɗi, ya sa ƙafa ya turo ta. Ya miƙo min hannu, na mayar da ambulan ɗina jaka. Ya ce lafiya? Na ce na fasa.

Ba a aika asali haka. Hannu da hannu ake kai shi, a ga wanda ya karɓa. Wannan ba ra'ayina ba ne, ƙa'ida ce, kowa ya sani.

Na biya tasha don in tambaya kawai. An sake fenti, bencin dai su ne. Na ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan na shiga. Jirgin Asabar bakwai da kwata yake tashi, har yanzu. Kujerar taga aka ba ni.

Kwana biyu zan yi, in miƙa in dawo. Na dai sa kaya kala bakwai a jaka, saboda ba a san yanayin garin ba.